Na Je Zariya Neman Ƙofa, Na Dawo da Ma'auni

Rigimar kuɗi ce ta kai ni Zariya a daminar nan. A layinmu, can wata unguwa a bayan Kano, mun yi wata takwas kowane gida yana zuba naira 2,000, ni kuma aka ɗora wa riƙon littafi. Da kuɗi suka yi kauri sai kai ya rabu. Wasu suka ce a sa ƙofar ƙarfe a bakin layi a ɗauki masu gadi biyu, don masu ƙwacen waya sun addabe mu, har an zare wa wani yaro wuƙa da magariba. Wasu suka ce kwata za a gina, tunda duk ruwan da aka yi sai ya kwana a tsakar gidajen da ke gangare. Ni ɗan ƙofa ne, ban kuma ɓoye wa kowa ba. Da muka yi zama uku magana ba ta tsaya ba, sai na roƙi a ba ni mako guda in je in ga Kawu.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Karatu ya kai shi Zariya yana saurayi, ya yi aikin safiyo har ya yi ritaya, ya auri Bazazzagiya, ya zama ɗan gari. Na ji an ce layuka da dama a can sun sa ƙofa. Niyyata in ga yadda suke yi, in ji farashi daga bakin mai walda, in haɗa da kalmar Kawu in dawo in rufe bakin 'yan kwata.

Ranar Alhamis bayan asuba na isa tashar Unguwa Uku. Ɗan kamasho ya rantse mini saura mutum ɗaya, muka yi awa guda muna jiran mutum ɗayan nan har ya zama uku. Na biya naira 4,500 a wata Sharon, aka matse ni a tsakiya da wata dattijuwa mai ƙullin daddawa a cinya. Kura ta yi kore shar da shinkafa, muka wuce Kadawa, muka wuce Kwanar Dangora. Titin tun da aka sake shi ya zama sumul, abin da ya rage sai gudu, direbanmu kuwa bai yi rowarsa ba. Abin da na lura da shi, katangar simintin da ta raba hannu biyu ta raba garuruwan hanya su ma. Za ka ga kasuwa a wannan gefe, masallaci da makaranta a wancan, yara da farantin talla a ka suna haurawa, tirela na tahowa. Wanda ya zana titin motoci ya ƙirga, bai ƙirga 'yan talla ba.

Shinge biyar na lissafa kafin Tashar Yari. A kowanne direba zai rage gudu, ya miƙa hannu a dunƙule, mai kaki ya karɓa a dunƙule, a ɗaga mana. Babu wanda ya buɗe but, babu wanda ya leƙa fuskar kowa. A na huɗu dattijuwar ta taɓa ni ta ce, "Ɗan nan, wai me suke dubawa ne?" Direba ya riga ni amsawa: "Hannuna, Iya." Motar ta ɗauki dariya.

Wajen ƙarfe goma muka sauka a Kwangila. Ƙarƙashin gadar nan ba masaka tsinke: tireloli sun yi layi a gefen titi, masu rake, masu gyaran taya, 'yan acaɓa kamar fara. Na jima ban hau acaɓa ba, tunda a Kano an hana ɗaukar fasinja a babur tun 2013, saboda haka na riƙe ƙarfen baya kamar ɗan ƙauye. Naira 500 ya kai ni Tudun Wada ta hanyar unguwar PZ, muka haye gadar Kubanni, ruwan ya yi jajir da laka, ledoji sun yi wa ciyawar gefe ado.

Inna, matar Kawu, ba ta bari na gama gaisuwa ba ta dire mini kwanon fate mai zafi da rama da gyaɗa. Ta ce, "Ci, Bakano, ka huta da gurasa." Na ce ai mu a Kano marar lafiya ake dama wa wannan. Na cinye, na nemi ƙari, ta yi guɗa. Da na kwashe labarin layinmu na faɗa wa Kawu, har da jaddada cewa ƙofa ce mafita, bai ce eh ba bai ce a'a ba. Ya tambaye ni faɗin layin. Na ce da faɗi. Ya ce mita nawa? Na yi shiru. Ya ce, "To ɗan Yaya, in an yi la'asar ka sa takalmin da ba ya cin ƙafa."

Ta Ƙofar Doka muka shiga birni. Kawu ya haura saba'in amma tafiyarsa ta masu awon daji ce, ni ke bin sa da haki. Ya kai ni inda guntun ganuwa ya rage, tudun jar ƙasa da ruwa ya zaizaye, mutane suka yi ta ɗiba, gidaje suka hau. Ya lissafo mini ƙofofin da yatsa: Doka, Kuyambana, Gayan, Kona, Bai, Jatau, Galadima, Tukur-Tukur. Ya ce ganuwar nan ta fi kilomita goma a kewaye, alhali gidajen da ke ciki a wancan zamani ba su ci rabin filin ba. Sauran gonaki ne da fadama da rijiyoyi da kududdufai. Waɗanda suka gina ta sun zauna sun yi lissafin abin da mutane za su ci su sha idan aka kulle ƙofa wata da watanni. Kuma kowace ƙofa da sarkinta, wanda ya san fuskar masu shiga da fita. Baƙo in ya shigo yana da mai masauki, mai masauki ya kai maganarsa ga mai unguwa, mai unguwa ya kai gaba. Ya ce, "Ƙyaure itace ne kawai. Mutumin da ke zaune a gindinsa shi ne ƙofar."

Na ce, "Ai kun ga, Kawu, maganata ce. Ƙofa da mai gadi."

Maimakon ya amsa sai ya nuna mini wani lungu a wajen Kwarbai ya ce in shiga ni kaɗai, shi zai zagayo ta ɗaya bakin. Lungun bai fi taku ɗari biyu ba. Kafin in fita mutum uku suka tare ni, kuma babu wanda ya ɗaga murya. Na farko wani dattijo ne a zaure yana aikin allura a wuyan babbar riga, ya ɗago ya ce, "Sannu da zuwa Malam, gidan wa ake nema?" Na biyu malamin allo ne, ya amsa sallamata ya bi ni da ido har na sha kwana. Ta uku wata tsohuwa mai ƙosai ce, wadda ta gaya mini kai tsaye cewa ta nan ba ya ɓullewa sai in na bi hagu, ta kuma tambaye ni daga ina. Da na fito na tarar da Kawu a gindin wani rimi yana murmushi. Ya ce, "Nawa suka caje ka kuɗin gadi?"

Abin ya tsaya mini a rai, don na tuna inda aka tare yaron layinmu. Gida goma sha biyu ne ke kallon wurin, kowanne da katanga mai tsayin mutum biyu, an jera fasassun kwalabe a kai, ba zaure, ba taga mai kallon waje. Yaron ya yi ihu, mun ji, amma kafin kowa ya nemo makulli ya zare sakata an gama. Ni kaina akwai 'yan haya a gida na uku daga nawa da suka shekara ban san sunan maigidan ba. Mun gina gidaje masu juya wa titi baya, sa'an nan muna mamakin yadda titi ya zama na ɓarayi.

Sai dai Kawu ba ya cikin masu cewa komai na da ya fi. Ya buɗe hannuwansa a wani lungun, yatsunsa suka kusa taɓa bango da bango. Ya ce an yanka wannan ne don jaki da doki, yau in gobara ta tashi a ƙarshensa, motar kashe gobara mai faɗin mita biyu da rabi sai dai ta tsaya a titi ta yi jiniya. Ya nuna mini wani gida da magada suka raba gida huɗu, kowa ya haƙa masai, kowa ya haƙa rijiya, tsakanin masan wannan da rijiyar wancan bai fi taku biyar ba, alhali abin da masana lafiya ke so ya kai mita 30. Daga nan amai da gudawa ke samun ƙofa. Ya ce a ƙuruciyarsa in aka ce ga duba-gari nan, mata har rawar jiki suke yi, don zai leƙa randa ya leƙa kwata, in ya ga ƙazanta a kai mutum gaban alƙali.

Inda ya fi daɗewa shi ne bakin wani kududdufi da aka cike rabinsa da bola, an riga an kafa tubalin toka a kan wanda aka cike. Ya ce ramukan nan daga su aka ɗebi ƙasar da aka gina birnin, su kuma suke shanye ruwan sama in ya sauko. Zariya tana samun ruwa kusan milimita 1,000 a shekara, yawancinsa cikin wata huɗu zuwa biyar. Kowane kududdufi da aka cike aka sayar, ruwan da yake sha bai fasa zuwa ba, ɗakin wani zai nema. A nan ban iya yi masa tsiyar Zage-zagi ba, don mu Kanawa mun riga su nisa a wannan ɓarna. Kududdufan da na yi kamun kifi a cikinsu ina yaro yau duk shaguna ne.

Muka ɓullo ta fada gab da magariba. Kawu ya tsaya yana kallon wajen babban masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, kusan shekara ɗari biyu da suka wuce. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023 wani sashe nasa ya rufta ana sallar la'asar, mutane suka rasu. Kawu ya yi musu addu'a, ya ce gini ma yana tsufa kamar mutum, yana kuma son a riƙa duba lafiyarsa kafin ya kwanta. Bai ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Washegari da hantsi muka ɗauki Keke zuwa Sabon Gari. Nan na ga wata Zariyar dabam: layuka miƙaƙƙu kamar an ja su da zare, kowanne ya haɗu da ɗan'uwansa. Kawu ya ce jirgin ƙasa ne ya haifi wurin, da dogo ya iso wajen 1911 ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu. Turawa suka yanka musu filaye a jere, suka bar siririn layi a bayan gidaje don masu kwasar bayan gida da dare. Tudun Wada kuma aka ware wa 'yan Arewa da ba haifaffun birni ba. Su Turawan suka koma gefe, dokarsu ta garuruwa ta 1917 ta zo, aka bar fili mai faɗin yadi 440 ba gini tsakaninsu da kowa, wai kada sauron da ya ciji baƙar fata ya kai gare su. Kawu ya ce tsari ne na wariya, lafiyar kansu suka tsare, amma ko maƙiyinka ne ya iya awo ka ce ya iya. Ya leƙa da ni ɗaya daga cikin layukan bayan nan. An toshe shi da ɗakin haya, kwatar da ke bi ta ciki ta rasa hanya ta kwanta tana wari.

A teburin wani mai shayi kusa da kasuwa ya zana mini garin da yatsa a kan ruwan da ya zube. Ga Birni, ga Tudun Wada, ga Sabon Gari, ga Wusasa inda mishan suka koma a 1929, ga Samaru da ta bunƙasa bayan buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Gari guda, amma kowane yanki da zamanin da ya haife shi, yau kuma ƙananan hukumomi biyu ke riƙe da cikinsa, Zariya da Sabon Gari. Ya ja layi ya ratsa su duka ya ce wannan Kubanni ce, ba ta san iyakar ƙaramar hukuma ba, abin da aka zuba mata a sama shi za ta sauke wa na ƙasa kafin ta faɗa Galma. An taɓa kafa hukuma guda a 2021 don ta haɗa garin a tsari ɗaya. Dokoki kam ba su yi ƙaranci ba, in ji shi: ga dokar mallakar ƙasa ta 1978 da ta damƙa filaye a hannun gwamna, ga dokar tsara birane ta 1992, ga KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna mai ba da izinin gini, ga jami'a da sashe guda na koyar da tsara birane, wadda ɗalibanta suka bazu a ƙasar nan. Matsalar ita ce mutane sun fi takarda sauri. Kafin taswira ta iso gona, an riga an yi bikin tarewa a cikinta.

Daga nan ya shiga bayanin awon igiya, abin da na sani sarai tunda a kansa gidana yake. Manomi ya sayar wa dillali gona, dillali ya kawo igiya ya yanka fuloti-fuloti. Duk ƙafa ɗaya da ya bar wa hanya kuɗi ne ya fita daga aljihunsa, saboda haka hanya ke ramewa. Filin makaranta, na asibiti, na maƙabarta, na wasan yara, hanyar ruwa, babu mai sayensu, don haka babu su. Sai ya rage murya ya ce, "Ɗan Yaya, ni ma na ci kuɗin nan. Ranakun Asabar dillalai kan ɗauke ni in yi musu awo. Nakan ce a bar mita tara, su ce shida, mu rabu a kan biyar. Akwai unguwar da in na bi ta cikinta yau sunkuyar da kai nake yi." Kuɗin shayi da burodi da ƙwai naira 2,600, ya hana ni biya.

Daren Juma'a a gidan babban ɗansa na kwana, taubashina, wanda har yau muke gardamar wa ke bin wani kuɗin shara. Ya yi gini a wata sabuwar unguwa can bayan titin Samaru, kuma layinsu na da irin ƙofar da nake mafarki: ƙarfe mai kauri, fenti baƙi, ƙaramar ƙofa a jiki. Ya ce sun sa ta ne bayan harin da aka kai kwalejin Nuhu Bamalli a watan Yunin 2021 aka sace malamai da ɗalibai, lokacin da duk wanda ke bakin gari ya daina barci da ido biyu. Kowane gida na ba da naira 1,000 a wata, ana kullewa ƙarfe goma sha ɗaya, 'yan sintiri na zagawa da gora da tocila da usur. Ya ce tun da aka sa ta ba a sake ɗauke babur a layin ba. Na ɗauki hotonta ta gaba da ta baya, na karɓi lambar mai waldar, na kwanta ina jin na gama abin da ya kawo ni.

Wajen ƙarfe ɗaya ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Cikin barci na ji ana dukan ƙofa, wata mace na kiran sunan taubashina. Maƙwabciyarsu ce, mijinta ya yi tafiya, surukinta tsoho mai hawan jini ya faɗi a banɗaki, bakinsa ya karkace, ba ya magana. Muka fita. Layin ya zama rafi, ruwa har ƙwauri, ga duhu, wuta ta ɗauke tun farkon iska. Akwai mai mota a layin, amma motar tana can bakin titi inda yake kwanar da ita, don tun da wani ya fito da shago wani ya haƙa sokawe a waje, mota ba ta wuce gida na huɗu. Gidan tsohon shi ne na goma sha bakwai.

Wani ya tuna da kurar mai ga-ruwa da ke jingine a lungu. Muka sauke jarkoki, muka shimfiɗa katifar yara, muka ɗora tsohon, aka lulluɓe shi da ledar shimfiɗa. Mu huɗu muna turawa, yaro ɗaya na haska mana da waya. Sau biyu taya na faɗawa rami da ruwa ya rufe, sai mun ɗaga kurar ɗungurungum. A wurin shagon nan sai da muka karkata ta kafin ta wuce. Takalmina ɗaya ya tafi, ban ko waiwaye shi ba.

Muka iso ƙofa, ƙofa a kulle. Ƙaramar ƙofar jikinta mutum ɗaya take ɗauka a tsaye, kura ba ta shiga. Makulli ɗaya ne, yana wurin shugaban 'yan sintiri, shi kuma ruwa ya kora shi fakewa, wayarsa ba ta shiga. Aka yi ta busa usur ba amsa. Ban san minti nawa muka yi a wurin ba, na dai san na ji numfashin tsohon yana canzawa, surukarsa na ta salati, ni kuma ina tsaye ina kallon ƙarfen da na ɗauki hotonsa ɗazu. Taubashina ya ruga gida ya ɗauko taɓarya da guduma. A bugu na shida ko na bakwai kwaɗon ya saki. Aka sa tsohon a mota aka nufi asibitin koyarwa na Shika, mu muka koma muna ɗigar ruwa. Matar taubashina ta dafa mana shayi da citta, ta ce da harshensu na Zazzau, "Matan nan ya ga tashin hankali yau." Ko kuzarin yi mata tsiya ban samu ba.

Da safe Kawu ya zo da wani tsohon tef ɗinsa na awo mai gidan fata, irin wanda ake naɗewa da hannu. Mai unguwa ma ya zo, mutane suka taru a bakin ƙofar. Shugaban 'yan sintiri, wani magidanci mai sanyin murya, ya ce, "Ranka ya daɗe, mu shida ne, ba mu da rigar ruwa, ba mu da rumfa. Wata uku ke nan rabin gidajen nan ba su biya ba." Babu wanda ya musa. Kawu ya ba ni bakin tef ya ce in riƙe. A bakin layi mita shida. A gida na huɗu, tsakanin shago da murfin sokawe, mita biyu da 'yan kai. Mai shagon ya fara cewa ai kowa ma ya ci hanya, ya nuna dakalin wancan, wancan ya nuna matakalar wancan. Mai unguwa ya bar su suka gaji, sa'an nan ya ce laifi tudu ne, kowa ya sauko daga nasa tukuna. Ya yanke cewa makulli ya zama uku, ɗaya a gidan da ke jikin ƙofa, ɗaya wurin liman, a kuma yi wa 'yan sintiri rumfa. Maganar shago ya ce sai an zauna da dattawa, wanda duk mai hankali ya san ma'anarsa ba yau ba.

Na tambayi Kawu a gefe, "To yanzu ƙofar ce ba ta da amfani?" Ya ce tana da shi, ba ga babura sun daina ɓata ba? Amma ɓarawo sau nawa yake zuwa a shekara, ruwa sau nawa, ciwo da naƙuda sau nawa? Ya ce in lissafa mutanen da aka fitar daga layinmu a kafaɗa cikin shekara biyu, in lissafa wayoyin da aka ƙwace, in kai wa mutanena lissafin biyu su zaɓa da kansu. Kafin in ba shi amsa na riga na tuna mutum uku, ɗaya ma haihuwa ce a cikin Keke a bakin layi.

Da yamma muka je Shika dubiya. Tsohon ya farfaɗo, yana gane mutane, hannun dama ne bai dawo ba. A hanyar dawowa taubashina ya ratsa da ni cikin jami'a a Samaru. Ruwan jiya bai bar ko kwalbatin da ya cika ba, ga itatuwa, ga hanyar masu tafiya a ƙasa, ga fitilu. Muna fitowa ƙofa muka tsallaka titi, sai ga taɓo da kwata a buɗe. Ruwa ɗaya ne ya sauka a gefen biyu.

Lahadi na kamo hanya. Inna ta cika mini leda da tsakin masara wai in kai wa Kanawa su koyi cin abinci, na sayi rake da mazarƙwaila na naira 3,000 a Kwangila. Kawu ya raka ni har bakin mota, sai da na zauna ya miƙo mini tef ɗin nan ta taga ya ce aro ne, in dawo masa da shi da lambobi. Kuɗin mota ya koma 5,000, shingayen suna nan yadda na bar su. Duk tafiyar, har da sabon takalmin roba da na saya, ba ta kai naira 20,000 ba.

Ranar Talata bayan isha'i aka yi zama a ƙofar gidan liman. Na ba da labarin kura da kwaɗo, na karanta lissafin biyu kamar yadda Kawu ya ce. Ban nuna hoton ƙofar ba, yana nan dai a wayata. Aka amince a fara da kwata da fitilun sola huɗu, a rubuta sunan kowane mai gida da ɗan haya a littafi, maganar ƙofa a ɗage ta zuwa bayan damina. Sai jagoran 'yan kwata, wanda muka yi wata biyu ba ma gaisawa sosai, ya ce tunda ga ma'auni ya zo, a auna layin gobe kowa na gani, don a san inda kwatar za ta bi.

Da safe shi ya riƙe bakin tef, ni ina naɗewa. Bakin layi mita bakwai. Muka yi ta shiga yana raguwa, shida, biyar da rabi, biyar. Da muka zo daidai ƙofar gidana ya ja tef ɗin daga bangon maƙwabcina na gaba zuwa jikin ɗan shagon da na fitar shekara huɗu da suka wuce, ya duƙa ya duba, ya sake dubawa, sa'an nan ya ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji: "Mita uku ba kaɗan!" Ni ne mai littafi, ni na rubuta da hannuna.

Birkila ya ce zai zo da guduma ranar Asabar. Har yanzu ban gaya wa maiɗakina ba, ita ce ke sayar da kayan miya a shagon.